Hancin Dama

Sau biyu Mai Turare yana gudu daga ɗakin kyamara na asibiti, kuma duka biyun babu wanda ya bi shi.

A karo na farko, da aka kwantar da shi aka ba shi wata roba ya ciza, aka nufo maƙogwaronsa da baƙin tiyo mai ɗan haske a goshi, sai ya ji duk abin da ya taɓa ci tun yana yaro yana neman hanyar fita. Ya yunƙura, ya ture hannun likita, ya ce yana zuwa. A cikin mota ya tsinci kansa. A karo na biyu ya fi nuna jarumta, don har tiyon ya wuce harshe kafin ya kama wani kakarin amai da ya sa mutanen da ke layi a waje suka fara salati. Ranar da takalmi ɗaya ya koma gida. Ɗaya takalmin kuwa, matarsa ce ta karɓo shi washegari, a cikin leda, an liƙa masa lambar katinsa.

Ga maƙwabtan shago kuwa, cewa ya yi injin asibitin ne ya lalace. Namiji mai shekara hamsin da huɗu ba ya gudu, sai dai injin ya lalace.

Ciki dai bai san da wannan labari ba. Wata bakwai ke nan wani zafi yana cin sa a ƙasan ƙirji, kamar an manta da garwashi a wurin. Ya huda sabon rami a bel ɗinsa, bayan wata biyu ya ƙara huda wani. Likitan ciki, matashi mai tabarau wanda bai fi sa'an ɗansa na fari ba, ya ajiye biro ya ce, “Baba, na gaji da harbi a duhu. Ba zan ƙara rubuta maka magani ba sai na ga abin da ke ciki da idona. Tun da baki ya ƙi, akwai wata hanya. Muna da siririyar kyamara da ake bi da ita ta hanci. Ba ta taɓa gindin harshe, don haka ba amai. Za a sa maka magani hancin ya sage, ba za ka ji zafi ba.”

Mai Turare ya ce to. Amma da a ce likitan ya nemi ido ɗaya, da ya fi saurin amincewa.

Shagonsa siriri ne, mutum biyu ba sa giftawa sai ɗaya ya juya kafaɗa. Kwalabe sun haura ɗari uku a kan kantoci, rabinsu ba ko rubutu a jiki, don shi bai ga amfanin rubutu ba. A buɗe kwalba a ƙarshen shago, yana bakin ƙofa zai gaya maka miski ne ko ambar, na bana ne ko ya shekara, an sirka shi ko ba a sirka ba. Kuma duk wannan aiki ƙofar hanci ɗaya ce ke yin sa, ta dama. Ta hagu 'yar rakiya ce kawai. Shekara ashirin da suka wuce ƙyauren ƙarfe na shagon ya suɓuce ya sauko masa a fuska, tun daga ranar hagu ta zama lungu, iska ma sai ta yi sallama take wucewa.

Kuma ya san abin da ake nufi da rasa hanci. Wata mura ta taɓa ɗauke masa ƙamshi kwana goma sha tara. Ya zauna cikin kwalabensa kamar makaho a shagon madubi, bai gaya wa kowa ba. Ya riƙa ɗaga auduga zuwa hanci yana gyaɗa kai, har ya haɗa wa wani tsohon mai sayayya turaren da matar mutumin ta ɗauka maganin sauro ne, ta fesa a ƙarƙashin gado. Wancan karon ƙamshin ya dawo. Wa ya ce kullum zai dawo? Wa ya san inda ruwan asibiti yake tsayawa idan ya shiga?

Saboda haka ya yanke shawara shi kaɗai, irin shawarar da mutum yake yankewa ya ji ya fi kowa wayo. Zai je, amma hagu zai ba su.

Da safiyar ranar, ba ci ba sha tun daren jiya, suka zauna shi da matarsa a kan benci a gaban ɗakin. Ta dubi ƙafarsa.

“Baban yara, yau na ga mai igiya ka sa.”

“Shi na ga dama.”

“A'a, dabara ce mai kyau. Ko an yi gudu ba zai cire ba.”

Ya kawar da kai. Shekara ashirin da tara na aure sun koya masa cewa wasu maganganun idan ka amsa, kai ka biya kuɗin mota zuwa inda za a ci maka mutunci.

Aka kira su wani ƙaramin ɗaki na gefe, inda ake shirya mutum kafin a kai shi wurin likita. Akwai kujera mai kwantawa baya, tire na ƙarfe, agogo a bango, da hoton kan mutum an tsaga shi biyu ana ganin cikin hanci da maƙogwaro. Nas ɗin da ke wurin babbar mace ce mai furfura a goshi, kowa Sista yake ce mata, har likitan. Ta duba kati, ta dube shi ta saman tabarau.

“Au, Malam ne. Mai takalmi.”

“Sista, a bar tone-tone.”

“An bari. Shanye wannan, kumfar ciki yake kwantarwa.” Ta miƙa masa ɗan kofi. “Yanzu toshe hagu da yatsa, ka ja numfashi ta dama.”

Nan Mai Turare ya fara aikinsa. Ya toshe hagu, ya ɗan matse dama daga ciki, ya ja iska da ƙyar har da wani ɗan fito, yana yamutsa fuska. Da aka zo hagu, sai ya toshe dama, ya ɗan buɗe gefen baki yadda ba za a lura ba, ya zuƙi iska mai yawa har ƙirjinsa ya tashi.

“Hagu ke nan?” in ji Sista.

“Hagu, Sista. Babbar hanya ce, ko tirela ta bi.”

Matarsa ta buɗe baki, ya harare ta, ta mayar ta rufe.

Sista ta ɗauko wata 'yar kwalba mai dogon baki. “Wannan na farko ba na kashe zafi ba ne. Hanya yake buɗewa, ya hana jini fita. Duka biyun nake fesawa.”

Ya yi maza ya dafe dama da babban yatsa. “Ai ba sai an yi asarar magani ba. Inda za a bi kawai.”

Ta ɗan tsaya tana kallonsa, sannan ta ɗaga kafaɗa ta fesa a hagu. Aka jira minti goma ana kallon agogo. Daga nan ta zuƙo wani magani mai kauri kamar man kitso a sirinji marar allura, ta tsiyaya masa a hancin, ta ce ya ja ciki, in ya sauka maƙogwaro ya haɗiye. Ɗaci ya gangara masa har wuya. Ta ɗauko 'yan sanduna biyu na roba mai laushi, ɗaya siririya, ɗaya ta ɗan fi ta kauri, ta shafe su da maganin.

“Ƙaramar ce ke fara shiga, ta kai magani ciki. Babbar kuwa kaurinta ɗaya da kyamara. In ta wuce, kyamara ta wuce.”

Ƙaramar ta shiga da lallami, kamar baƙon da bai tabbata gidan ba ne. Babbar ta shiga gaɓar yatsa ɗaya ta tsaya cak. Sista ta ɗan juya ta, ta sake gwadawa ta ƙasa. Hawaye suka zubo wa Mai Turare ta ido ɗaya, ya damƙe hannun kujera. Abin da ya taɓa hanci, ido ne ke ruwa, yau ya ga zahirinsa.

Sista ta zare sandar ta ajiye a tire. “Ba na tura abin da ya ƙi. Malam, wa ya taɓa dukan hancin nan?”

“Ba kowa.”

“Ƙyauren shago,” in ji matarsa. “Shekara ashirin. Tirelar da yake faɗa ko keke ba ta bi ta nan. Ramin ƙarya dai ƙurarre ne, Baban yara, ga shi har roba ta shaida.”

Sista ta jawo kujera ta zauna a gabansa. “To, hanya uku ce. Ko dama, ko baki, ko gida. Baki ka san yadda kuka rabu. Gida kuwa likita ya riga ya gaya maka. Me ke damunka da damar?”

Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Mai Turare ya goge ido da bayan hannu, ya gaya mata komai, da kwalabe ɗari uku, da kwana goma sha tara, har da maganin sauro. Ya zaci za ta yi dariya. Ba ta yi ba. Ta tashi ta ɗora biro a kan hoton bango.

“Ka ga nan sama, can ƙarƙashin tsakanin ido? Nan ake jin ƙamshi. Ɗakin sama ke nan. Mu ta ƙasa muke wucewa, ta nan, mu gangara. Ba ruwanmu da bene. Maganin yana iya dishe maka ƙamshi na ɗan lokaci, awa ɗaya ko ƙasa da haka, ya sake ka.”

“Ki rantse.”

“Ban isa ba. Amma shekara goma sha ɗaya ina wannan aiki, ba wanda ya dawo ya ce na cinye masa hanci.”

“Mutum nawa ne masu turare a cikinsu?”

Ta yi tunani. “Ko ɗaya.”

“Kin gani.”

Matarsa ta ajiye jakarta a ƙasa. Da ta yi magana, ba da muryar tsokana ta yi ba.

“Kana tsammanin ban san kana mayar da rabin abincinka cikin tukunya ba idan na juya baya? Ni nake wanke wandunan nan, ni nake ganin bel ɗin. Wata bakwai ina kallonka kana ƙarewa, kana ce mini zafin rana ne. In abin nan ya cinye ka, hancin wa zai yi wa aiki? Ni ba hanci na aura ba. Ka ba su.”

Mai Turare ya dubi silin. Sai ya ɗaga hannu ya tusa hanci a lanƙwasar gwiwar hannun rigarsa, ya shaƙa sau uku. Haka yake wanke hanci a shago kafin a buɗe kwalba mai muhimmanci. Ya sauke hannun, ya kwantar da kai baya.

“Bismillah, Sista. Dama.”

Sai da aka sake daga farko. Feshi, da minti goma na jira, har aka shigar da wata tsohuwa da ke bayansa a layi, ta shiga ta fito tana gyara mayafi kamar daga kasuwa take. Da aka zo kan magani mai kauri, Sista ta ce, “Kada ka fizga. Yawancin mutane fizga suke, ya wuce maƙogwaro bai zauna a hanci ba. Ja shi a hankali.”

“Kamar abu mai tsada?”

“Kamar abu mai tsada.”

Wannan kuwa ba sai an koya masa ba. Akwai wani ja da yake yi wa man itacen turare da ake sayarwa da ɗigo, siriri, dogo, ba yankewa, har ya kai ƙarshen hanci ya tsaya a can. Ya lumshe ido ya yi shi. Ya ji sanyin maganin yana shimfiɗuwa taki-taki, ya ji ɗacinsa, ya ji warin roba da na sabulun hannun Sista. Sannan ɗaya bayan ɗaya suka fara janyewa, kamar mutanen da ke barin majalisa. Sabulun ne ya tafi a ƙarshe. Gefen hancinsa ya yi nauyi, ya zama kamar na aro.

Ƙafarsa ta dama ta motsa da kanta ta nufi ƙasa. Ya dawo da ita.

“Kai,” in ji Sista, “da kowa haka yake ja, da na huta.” Ƙaramar sanda ta shige. Babbar ma ta bi ta har ƙarshe, bai ma san ta shiga ba sai da ya ga wutsiyarta a gaban idonsa. Sista ta zare ta. “Ga tirelarka nan. Tashi mu je.”

A ɗakin kyamara aka kwantar da shi a gefen hagu, fuskarsa na kallon talabijin. Likita ya ɗaga kyamarar ya nuna masa. Ba ta kai kaurin fensir ba.

“Baba, za ka iya magana yadda kake so, bakinka a sake yake. In na ce haɗiye, ka haɗiye.”

Hoto ya fito, wani jan kogo mai laima.

“Ina ne nan?”

“Hancinka.”

“Nawa?” Mai Turare ya ƙura ido. Shekara talatin wurin nan yana ciyar da gidansa, yau ya fara ganinsa. “Ba shi da wani kyau.”

“Na kowa haka yake. Haɗiye.”

Nan ne inda aka rabu sau biyu. Ya ji wani abu ya tokare can bayan maƙogwaro, ya jira cikinsa ya yi bore. Ya ja numfashinsa na shago, siriri, dogo, ya sake shi ta baki. Ya haɗiye. Abin ya wuce.

Shi ke nan. Ya wuce.

“Likita,” ya ce, muryarsa na fita ta hanci ɗaya, “mun shiga?”

“Muna hanya. Ga shi, mun iso.”

Talabijin ta cika da wani faffaɗan ɗaki ruwan hoda mai ninki-ninki. Likita ya hura iska, cikin ya kumbura, Mai Turare ya yi wata gyatsa da ba ta dace da shekarunsa ba, Sista ta ce kada ya ji kunya, nan gidanta ne. Daga nan bakinsa ya buɗe. Ya tambayi menene wancan, ya tambayi ina wannan ramin ya nufa, ya ba da shawarar a ɗan koma baya don bai ga wani lungu da kyau ba.

“Sau biyu ina roƙon ka tsaya,” in ji likita, “yau kuma roƙo nake ka yi shiru. Yauwa. Ga mutumin.”

Wani ɗan farin tabo ne mai jan baki, bai fi farcen ƙaramin yatsa ba.

“Wannan? Wannan ɗan abin ne ya hana ni cin abinci wata bakwai?”

“Gyambo ne. Bakinsa a gyare yake, irin wanda magani ke warkarwa ne a idona. Zan ɗan tsinko kaɗan a kai ɗakin gwaji don mu tabbata. Ba za ka ji ba.”

Bai ji ba. Minti shida duka-duka, aka zare kyamara, Sista ta miƙa masa takardar goge hanci ta ce kada ya fyace da ƙarfi yau, kada ya ci ko ya sha sai bayan awa ɗaya. Ya sauko daga gadon da kansa, ya gyara hula, ya fita da irin tafiyar da ake yi idan an dawo daga yaƙi kuma akwai masu kallo.

“Gyambo ne,” ya gaya wa matarsa. “Na gan shi ido da ido.”

Ta rufe fuska da mayafi, kafaɗunta suna rawa. Bai tambaya ko dariya ce ko kuka ba.

Aka ce su zauna a benci kafin a rubuto magani. Nan murnar ta fara sanyi. Asibiti wuri ne mai wari iri-iri, da safe ya ƙirga bakwai daga ƙofa zuwa bencin nan. Yanzu babu ko ɗaya. Ya ja iska, iska ce kawai. Minti ashirin. Ya shinshina bayan hannunsa a ɓoye. Minti talatin da biyar. Matarsa tana ganinsa, sai ta matso har kafaɗarta ta taɓa tasa.

Ƙofar baranda ta buɗe, wani mutum mai babban tumbi da kaftani mai sheƙi ya wuce ta gabansu yana waya, ya bar iska a bayansa.

“An cuci bawan Allah nan,” in ji Mai Turare, ransa a ɓace. “Kashi ɗaya ambar, kashi uku man banza. Kuma na san da tsada aka ba shi.”

Matarsa ta juyo a hankali ta dube shi.

Sai da ya ga idonta sannan ya ji abin da ya faɗa. Ya sake ja. Ambar ɗin jabu yana nan, a bayansa ga maganin goge ƙasa, ga lemon da wani yake ɓarewa can ƙarshen baranda. A duk rayuwarsa bai taɓa jin mugun turare mai daɗin wannan ba.

Ya miƙe tsaye. Ya leƙa ƙaramin ɗakin, inda Sista take fesa wa wani saurayi magani.

“Sista! Ya dawo!”

“Barka. Rufe mini ƙofa.”

Ya rufe. Ya waiga ya hango mai kaftanin yana shirin shan kwana.

“Ina kuma za ka?” in ji matarsa. “Ba a kawo takardar maganin ba.”

“Karɓar mini. Mutumin can yana bukatar taimako.” Ya ɗaga murya, yana bin baranda da sauri. “Ranka ya daɗe! Don Allah ɗan tsaya. Wa ya sayar maka da turaren nan?”